Ruwan Lagireton da Ya Raba Ni da Sunan Injiniya

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Kamfanin Sanyi Ƙalau, masu haɗa ruwan lagireto launi uku, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan injinan ofishinku suna cikin sanyi, ina neman afuwa a kan tsawon wannan takarda. Na sake rubuta ta sau huɗu don kada in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Ni ɗalibi ne da ya kammala digiri a ilimin sinadarai bara. Mahaifina yana da mota mai shekara ashirin da huɗu, sa'ata ce, kuma da ita yake kai malamai mata huɗu makaranta kullum da safe tun da ya yi ritaya. Duk tsawon wannan zamani ruwan famfo yake ɗura wa lagireto daga wata jarka da ke but ɗin motar. Da na dawo gida na zaunar da shi, na zana masa yadda tsatsa ke cin ƙarfe, har ya miƙo mini makulli ya ce, "To Injiniya, a yi mana na ilimi." Ranar na sayo ruwanku mai launin ruwan goro, lita huɗu. Ga abin da ya biyo baya.

1. A gaban galan kun rubuta "Ya dace da kowace mota". Na auna haruffan da rula, santimita uku. A baya kun rubuta "ban da tsofaffin injuna masu gaskit na roba". Wannan ma na auna, milimita ɗaya da rabi. Ranka ya daɗe, shin tawada ce ta ƙare muku daidai wurin da gaskiya ta fara?

2. A kan wannan ƙaramin layin kuka manna takardarku mai sheƙi da ke cewa "Sabon Samfuri". Sai bayan ɓarna na ɓare ta da farce na gani. Na yarda laifina ne da ban ɓare tun a shago ba. Sai dai a shekara huɗu na jami'a ba a taɓa koya mana cewa gargaɗi yana kwana a ƙarƙashin talla ba.

3. Launukan. Kuna da kore, ja da ruwan goro, ba ku ce wa kowa me ya raba su ba. Mai shagon kayan mota ya rantse mini ja na masu gudu ne, kore na masu iyali. Mama ta ce in ɗauki wanda ya shiga da kujerun mota. Ni na ɗauki ruwan goro don shi ne aka rubuta yana yin shekara biyar a mota. Ashe a cikinmu ukun, da an bi ta Mama da yanzu lafiya lau, domin kujerun kore ne, kuma daga baya na bincika na gano koren ne na tsofaffin injuna.

4. Bayan wata goma sha ɗaya da kwana shida, allurar zafi ta hau sama a kan hanyar makaranta, malamai huɗu suna ciki da jakunkunansu. Bakaniken Baba, wanda ya san motar tun kafin in yi haƙori, ya zaro sandar gwada baƙin mai, ta fito kamar shayi da madara. Ya kwance manifol, wato inda iska ke bi ta shiga inji, ya ɗago gaskit ɗin, robar da ke hana ruwa haɗuwa da mai, da yatsa biyu yana lilo kamar jiƙaƙƙen tsumma. Sai ya tambayi Baba, a gabana, ko yaron nan digirin nasa na wanke mota ne.

Don adalci, ba zan ce ruwanku kaɗai ya yi wannan aiki ba. Gaskit ya tsufa, na sani. Amma tsohon da ke lallaɓawa da sandarsa, ai ba a zuwa a gwada masa kokawa.

5. Mota ta yi kwana tara a gareji. Shugabar makarantar, wadda ita ce mai zama a kujerar gaba, ta fara bin wani mai sabuwar mota, ta ce wa Baba na ɗan lokaci ne. Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai daina cewa Injiniya. Yanzu "kai" nake, kuma ƙanwata ta ɗauka, har a gaban baƙi.

6. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jarka ta koma but. An saka sabon gaskit, an wanke inji, Baba ya kafa doka cewa duk ruwan da ba za a iya wanke fuska da shi ba, kada ya kusanci motarsa. Ni kuwa na san ruwan famfo zai ci lagireton nan, na ga tsatsar da idona, na san koren ne ya dace da ita. Da wane baki zan faɗa? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, balle wanda ya kawo macijin gida ya dawo yana cewa wannan karon ya tantance.

Saboda haka ba diyya nake roƙo ba. Buƙatuna biyu ne. Na farko, a ƙara wa wancan layin girma ko da zuwa santimita ɗaya, a kuma matsar da takardar talla gefe. Na biyu, a rubuto wa Baba layi uku a takarda mai tambarin kamfani, da hatimi, domin yana girmama hatimi, a ce masa koren ruwa ya dace da motarsa kuma ba jami'a ce ta cinye gaskit ba. In ta samu kafin Litinin, ranar da malamai za su dawo, zan gode. Don Allah a rubuta da manyan haruffa, kuma kada a manna komai a kai.

Kafin nan, an ba ni sabon muƙami a gidan. Ni ke cika jarka kowace safiya. Lita huɗu take ci daidai, na auna.

Naka mai matuƙar biyayya, mai durƙuso a gaban kowane launi naku,

Tsohon Injiniyan gidanmu,
Mai riƙon jarka na yanzu.