Ƙullin da na yi wa zaren Alhaji

Ni tela ne a unguwar Tremont, kuma fargaba ta yi mini yawa. Ranar da maƙwabcin shagona, Alhaji Isufu, ya gayyace ni kamun kifi a teku da bazara, rigar ceto biyu na saka.

Muna cikin jirgi na duba zaren sandarsa ta kamun kifi, na gan shi siriri kamar na ɗinkin aljihu. Ga shi ya daɗe yana burin kama babban kifi. Tausayinsa ya kama ni, kuma zare sana'ata ce. Yana can yana hira da matuƙi, na warware zaren, na bi shi da ƙulli don ya ƙara ƙarfi, na mayar na naɗe. Ban faɗa masa ba, kada ladana ya ragu.

Kifin kuwa ya zo. Da kifin ya ja, ƙulli ya maƙale a zoben da zare ke bi a jikin sandar, zare ya tsinke.

Alhaji ya daɗe yana juya guntun zaren a hannunsa. Ya ce, "Malam tela, wannan aikin gwani ne."

Har yau in ya kawo ɗinki sai ya ce, "A sa maɓalli kawai. Don Allah kada a ƙarfafa komai."