Rasuwar Allon da Aka Hana Barci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba ni da inda zan sauke shi, ni Maimuna Yakubu, mai kula da sakamakon ɗalibai a makarantarmu da ke Unguwar Kanawa, nake sanar da rasuwar allon kwamfutar ofishinmu, wanda ya cika ranar Talata bayan doguwar jinya.

Marigayin ɗan gwanjo ne, amma mai kamun kai. Bai taɓa nuna fim ko hoto ba, farin rubutu kawai a kan baƙar fuska. Laifinsa ɗaya: idan aka jima ba a taɓa shi ba, sai ya rufe ido ya huta, kwamfutar kuwa tana ta aikinta a ƙarƙashin tebur.

Malam Balarabe, yayan mai makarantar, da ya ga allon ya yi duhu sai ya yanke hukuncin ba a komai, ya zare waya daga soket ya jona butar shayinsa. Haka makin 'yan aji uku ya salwanta, na sake shigar da shi ina kuka.

Aka kira taro. Manyan malamai, masu gemu da tabarau, aka rasa mai iya ce wa yayan mai makarantar ya daina. Wai ba tarbiyya ba ce. Sai aka ga ya fi sauƙi a hukunta allo, aka kira mai gyara ya kashe masa barci gaba ɗaya. Kai, an yi hikima!

Tun daga ranar bai ƙara runtsawa ba. Rubutu ya ƙone a fuskarsa, ya riƙa kukan "tsiiii" kamar sauro, daga ƙarshe ya ce "ɗas", ya yi hayaƙi.

Ya bar kwamfuta da ranta, sakamakon zangon nan duka a cikinta, iyaye kuma za su zo karɓa ranar Asabar. Yanzu fuskarsa duhu ce ta dindindin, Malam Balarabe kuwa lafiyarsa ƙalau.

Za a kai gawar wurin 'yan gwangwan a kasuwar Panteka idan an samu allon aro. Masu ta'aziyya su same ni a ofis, a kan tabarma, na jingina bayana da soket. A yi haƙuri ba zan tashi raka kowa ba, domin har yanzu ba a samu wanda zai gaya wa Malam Balarabe ya daina zare waya ba.