Ranar da Na Cinye Amirka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da sufeton lakwal, wato makarantar boko, ya zo duba aikina ba, ko da tsufa ya kai ni ga rikita sunayen jikokina. Shekarun fari ne. An tura ni koyarwa wani ƙauye bayan Takieta, ni da na tashi a unguwar Zango ta Zinder ban saba da kwana nesa da kasuwa ba. Rumbuna wayam, kowa jar dawar taimako yake ci, wadda aka ce daga Amirka ake aiko ta. Abu ɗaya ne a raina: in sufeto ya yaba darasina za a tabbatar da ni a aiki, in sami bakin roƙon a mayar da ni Zinder kusa da tsohuwata. In bai yaba ba, sai na ƙara shekara a ƙauye.

Darasin na siffar duniya ne, kuma nan rawar kaina ta shigo. Ina da wani tsohon ƙamus na Ingilishi marar bango, na haddace duk abin da ya faɗa kan kalmar gulob. Ingilishi da Faransanci rubutu ɗaya suke mata, asalinta daga Latin ne, ma'anarta dunƙule. Ana kiran duniya da ita, ana kiran ƙwallon taswirar nan da ake juyawa da ita, 'yan kasuwarmu masu zuwa Kano kuma ƙwan lantarki suke nufi in sun faɗe ta. (Ba wanda ya tambaye ni. Ba a ma koya wa yaran firamare Ingilishi.) Amma na ƙudura sai sufeto ya san ba ƙaramin mushe aka binne a ƙauyen nan ba (mushe ake ce wa malamin lakwal a wajenmu).

Matsalar ita ce lakwal ɗinmu ba ta da gulob, ajin ma rumfar zana ne. Sai na ce to, tunda dunƙule ne asalin kalmar, me ya fi fura? Na je wajen Gwaggo Tabawa, tsohuwar da nake zaune a gidanta, wadda na san ta ɓoye ɗan gero a tukunya.

"Mushe, a wannan marrar za ka kai fura lakwal don a kalla?" in ji ta.

"Gwaggo, ilimi ne."

"To, Allah ya ba ilimi haƙuri."

Ta daka, ta sa citta da kanumfari, ta dunƙula mini guda kamar kan jariri. Na ɗebo baƙin tukunya, na zana ƙasashe da tsinke, na soka ƙaya inda Nijar take. Wallahi ta yi kyau. Na rufe ta a ƙwarya na tafi, ko kari ban yi ba don ɗoki.

Da safe aka ce sufeto zai zo. Hantsi ya yi, shiru. Rana ta take, aka saki yara su je gida sai bayan azahar, daga baya muka ji motarsa ce ta kafe a rairayi. Na zauna a rumfa, daga ni sai ƙwarya, ƙamshin citta na fitowa ta gefen faifai. Rabona da furar gero tun kafin damina ta ci amanarmu.

Na ɗaga faifai don in duba ko zanen bai goge ba. Sai na tuna can ƙarshen kudu ƙanƙara ce zalla, ba mai zama. Na gutsuri kaɗan. Bayan ɗan lokaci na dubi babban tekun nan da ke baya, na ce ai ruwa ne kawai, wa zai tambaya? Daga nan kuma ban san yadda aka yi ba, na dai ajiye gutsura da yatsa na koma sa haƙori. Ko da hankalina ya dawo, rabin duniya ta baya ya tafi. Na lallaɓa gaban, na ga Afirka na nan lafiya da ƙayarta, na ce in na riƙe da dabara ba mai ganewa.

Bayan azahar yara suka dawo, sufeto ya iso, dattijo ne dogo mai tabarau, ya zauna a bayan aji. Na ɗaga fura sama, ɓangaren da ya mutu yana cikin tafin hannuna, na shiga zuba. Na yi Latin, na yi Ingilishi, har Kano na je na dawo da ƙwan lantarki. Yara kuwa ko ƙiftawa ba sa yi, in na kai hannu dama idanunsu su bi, in na kai hagu su bi. Na ce a raina yau na kama Zinder a hannu.

"Madalla, Mushe," in ji sufeto. "Yanzu juya mana ita, yara su ga yadda dare da rana suke."

"Ranka ya daɗe, wannan darasin gobe ne."

"Juya dai."

Na juya. Ga rami, ga sawun haƙorana a jere, har da gurbin wushiryata. Sufeto ya taso, ya gyara tabarau, ya leƙa.

"Ina Amirka?"

Kafin in haɗa ƙarya, wata yarinya a layin gaba, Hadiza, ta ɗaga hannu cikin ladabi kamar yadda na koya musu.

"Tana bakin Mushe."

Ashe baƙin tukunyar nan ya yi mini bunni a leɓe, har kan hanci, kuma a haka na yi duk Latin ɗin. Wani daga baya ya ce, "Su ke aiko mana da dawa, shi kuma ya cinye su!" Aji ya fashe. Sufeto ya juya baya wai yana duba zana, amma kafaɗunsa na rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da dariya ta lafa sai ya ce a kawo ruwa da ludayi. Da hannunsa ya dama abin da ya rage, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa kurɓi guda. Nan na gane abin da idanunsu ke bi tun ɗazu, kuma kunyar da na ji a lokacin ta fi ta baƙin leɓe zafi.

Da zai shiga mota ya kira ni gefe. "Mushe, Ingilishinka ba laifi. Amma yaro mai jin yunwa ba ya ganin duniya a jikin fura. Baɗi zan dawo in sake dubawa."

Haka na ƙara shekara a ƙauyen, na aika wa tsohuwata saƙon ta yi haƙuri, ban dai faɗa mata dalili ba. Abin da na koya kuwa, tun da can na san ba a ba kura ajiyar nama. Ban dai taɓa zaton kurar za ta zo sanye da rigata, tana jin Latin ba.