Rasuwar Odinatar Hamdiyya da Duniyar da ke Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yau bai huce ba, Hamdiyya 'yar Na'Allah, mai cika wa direbobin manyan motoci takardu a bakin gadar Gaya, tana sanar da rasuwar odinatarta, wato kwamfutarta, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara shida a hannunta.

Marigayiya mai haƙuri ce. In aiki ya lafa, Hamdiyya kan buɗe ta ta ci gaba da gina wani wasa da ta shekara uku a kansa. Wasa ne da babu bindiga, babu abokin gaba. Mutum ya sauka wata duniya can bayan taurari, ya yi ta tafiya abinsa. Akwai itatuwa masu shuɗin ganye da ke sunkuyowa su shinshina baƙo, da kogin da ke hawa dutse maimakon gangarowa, da dabbobi masu ƙafa shida da ba su san tsoro ba. Aikin mai wasa ya duba, ya saurara, ya raɗa wa abin da ya gani suna. Duk sa'ad da aka gano sabon tsiro, marigayiya kan ce "tilin" a hankali, fankarta na huci fuuu kamar tsohuwa a hawan tudu.

Ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba. Yayan Hamdiyya, Yacuba direba, wanda ya sha cewa wasan da ba a harbi a ciki aikin banza ne, shi ya are ta don kallon kokawa a hanyar Tunuga. Ya yasar da ita bayan mota, ya jibga mata buhun albasa biyu. Ta dawo allo a fashe, ta yi jinyar kwana uku wajen mai gyara, ta yi "ƙit, ƙit", ta yi shiru. Da aka gaya wa Yacuba, cewa ya yi ai ƙarfe ne, kuma itacen da ba a zama inuwarsa ba asara ba ne. An ji, an kuma ajiye.

Ta bar caja ɗaya, da jaka mai yagaggen hannu, da littafin da Hamdiyya ta zana tsirrai tamanin da huɗu na wasan a ciki. Sauran duniyar ta tafi tare da ita, domin ba a kwafe ta ko'ina ba.

Za a sa ta a kwalinta ranar Juma'a bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a gidan Na'Allah. Gara Yacuba ya yi zamansa a tasha: tabarmar makoki ba ta kai shi ba, shayin da ya saba sha a rumfar ƙanwarsa kuma tare da marigayiya za a rufe shi.