Rasuwar Ikilima, Sandar da Aka Ɗura wa Rodi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata wuta da har yanzu ba ta lafa ba, ni Alhaji Abdurra'uf mai sayar da ƙusa da kwanon rufi, shago na huɗu a layin 'yan ƙarfe na Kasuwar Kilomita Biyar, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Bangui da Duwala da duk inda wannan takarda ta kai, rasuwar sandata ta buga golf, wadda aka fi sani da Ikilima. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi, a wurin bugun farko, a gaban shaidu biyar, bayan ta yi shekara biyu da wata uku a hannuna. Ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba. Kashe ta aka yi, kuma sunan wanda ya kashe ta yana nan tafe a ƙasa.

Saboda waɗanda ba su san marigayiya ba, ya kamata in faɗi asalinta. Shekara goma sha ɗaya ke nan da likita ya ce sukari ya yi mini yawa, in nemi abin da zai sa in riƙa tafiya da ƙafa. Ni ba mai yawon banza ba ne, sai na faɗa wa wasan nan da 'yan'uwanmu na Kano ke kira ƙwallon lambu. Tare muka fara da maƙwabcina na shago, Alhaji Abdulmutallib mai rodi, wanda ɗansa ke auren 'yata Husna. Muka sayi tsofaffin sanduna na ƙarfe a hannun wani Bature da zai koma gida, muka raba. Tun daga nan, duk Lahadi Idi mai taksi yakan ɗauke mu a Titin Koudoukou ya kai mu filin da ke wajen gari, mu yi ta bin ƙwallo muna zagin juna har rana ta yi zafi.

Da na haura sittin da biyar, sandunan ƙarfen nan suka fara fin ƙarfina. Sanda mai tauri da nauyi saurayi take so, wanda zai wulwula ta da sauri har ta lanƙwasa ta harba ƙwallo. In hannu ya yi sanyi ba ta lanƙwasawa, sai ƙwallo ta ƙi tashi, ta bi ƙasa tana karkata dama ta shige ciyawa. Haka na yi shekara guda ina neman ƙwallo a cikin ciyawa, kafaɗata tana zogi. Likita ya ce ko in sake sanda, ko in bar wasan. Na yi tambaya har na gane cewa kowace sanda da harafinta a jiki: mai S ta masu jini a jika ce, mai R ta tsaka-tsaki, mai A kuwa ta waɗanda furfura ta cim musu. Na dubi kaina a madubi, na faɗa wa kaina gaskiya, na aika Duwala a nemo mini mai A.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a hanya, cikin babbar motar da ta ɗauko atamfa, an naɗe ta a tsakiyar bandir don kada ta ji ciwo. Ba ƙarfe ba ce, irin baƙin abin nan ne mara nauyi da ake kira karbon, cikinta kuma rami ne tun daga mariƙi har wuya. Kafin a ɗaura mata kai na kai ta wurin maƙerin zinariya ya ɗora ta a sikelinsa: giram hamsin cif. Ta ƙarfen da nake fama da ita ta haura ɗari da ashirin. Na raɗa mata sunan gwaggona Ikilima, siririyar mace mai sanyin murya wadda ba a taɓa kada ta a gardama ba.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da ladabi. Ba ta taɓa neman ƙarfin da ba ni da shi ba. In na ɗaga ta a hankali, takan jira ni, ta ɗan rusuna a sama, sannan ta sauko ta ƙarasa aikin da kafaɗata ta kasa. Muryarta tana nan a kunnena: fiuuu a iska, sai ƙwas, ƙwallo ta tashi sama sosai ta sauka a tsakiyar fili. Sandunan ƙarfe dum suke cewa, su bar maka hannu yana tsami. Ita ba ta taɓa barina na koma gida ina neman man zafi ba. Ta mayar mini da mita talatin da tsufa ya ƙwace, ta mayar mini da Lahadina. Ta kuma yi mini wani alherin da ba zan manta ba: a cikin shekara biyu da wata uku, sau huɗu kacal Abdulmutallib ya ci ni, biyu daga ciki ma ina mura.

To ga wanda ya kashe ta. Alhaji Abdulmutallib, shago na biyar, shekara tara ke nan yana gaya wa mutane shekarunsa hamsin da tara. Gemunsa baƙi wuluk ranar Juma'a, ranar Laraba kuma saiwarsa ta fara tona masa asiri. Ni kuwa rana ɗaya aka yi mana kaciya, wanzami ɗaya, ya girme ni da shekara biyu, ya kuma fi ni ihu. Shi har yau da sandar ƙarfe mai S yake wasa, yana nishi, ƙwallonsa tana rarrafe cikin ciyawa, amma bakinsa bai mutu ba. Tun ranar da ya ga Ikilima yake cewa, "Rawufu, wannan ai tsinken tsintsiya ne. Ka zama tsoho ƙarfi da yaji. Namiji da ƙarfe yake wasa." A sana'arsa, duk abin da ya lanƙwasa a hannu jabu ne, kuma da wannan awon yake auna duniya gaba ɗaya.

Jinyar marigayiya ta fara ne da tawa. Zazzaɓin sauro ya kwantar da ni mako guda a gidana na Yakité, Abdulmutallib ya zo dubiya da lemo guda shida. Yana tashi ya hango ta a bayan ƙofa, ya ce, "Tunda kana kwance, ba ni aron tsinken nan in ga abin da kake ruɗin mutane da shi." Kowa ya san al'adar layinmu: ba a hana maƙwabci aro. Tsani, baro, sikeli, janareto, in ya tambaya sai ka miƙa, ko da ranka bai so ba. Balle suruki, balle mutumin da muka raba buhun shinkafa ɗaya a shekarun rikici, lokacin da ba a iya fita daga unguwar nan. Na ce ya ɗauka.

Abin da ya faru ranar Talata, Idi mai taksi ne ya ba ni labari, kuma a shirye yake ya maimaita a gaban kowa. Abdulmutallib ya sa Idi ya kai shi fili da sassafe, lokacin da babu kowa. Ya kafa ƙwallo, ya ɗaga Ikilima, ita kuma baiwar Allah ba ta san maƙiyi ba, ta yi masa abin da take yi mini. Ƙwallo ta tashi ta wuce bishiyar mangwaron da rabonsa da kai mata shekara goma. Ya sake bugawa, ta sake wucewa. Sau bakwai. Idi ya ce, "Baba Alhaji, wallahi har tafi na yi, na ce masa da Sango nzoni mingi, patron, wato ya yi kyau ƙwarai maigida, wannan ita ce daidai da kai. Sai ya duba dama ya duba hagu, ya ce, Idi, ba ka ga komai ba."

A ranar ya gane cewa sandar tsofaffi ita ce tasa. Mutumin kirki da sai ya zo ya ce, Rawufu, a ina ka samo ta? Shi kuwa ya kai ta bayan shagonsa, ya zare robar mariƙi, ya yanko siririn rodi mai kaurin milimita shida, ya zura mata a ciki. Da rodin ya cije a inda ta tsuke wajen wuya, ya ɗauko guduma. Ya bi da gam, ya mayar da roba. Ranar Asabar ya kawo mini ita yana washe baki, ya ce, "Na gyara maka ita, yanzu ta zama sanda. Ba sai ka gode ba."

Ina karɓa na ji nauyin ba nata ba ne. Da na bi hankalina da ban fita da ita ba, amma zuciya ta ce ko da sauran numfashi. Ranar Lahadi na kafa ƙwallo, na ɗaga ta, ba ta rusuna ba, ba ta jira ni ba. Babu fiuuu. Ƙarar da ta yi ta ƙarshe ƙaras ce, irin ta busasshen kara. Wuyanta ya tsage, kanta ya yi tsalle ya faɗa cikin kwatami, rodin ya leƙo waje, kafaɗata kuma ta amsa har cikin haƙorina. Ƙwallo tana nan inda na kafa ta, ko motsi ba ta yi ba. Na durƙusa a ciyawa, ni da jikoki goma sha huɗu, hawaye ya zubo mini. Wanda ya kashe ta yana tsaye a kaina yana cewa, "Ka gani ko? Dama jabu ce."

Marigayiya ta rasu ta bar jakar fata guda ɗaya wadda yanzu ta yi mata faɗi, da ƙanwarta gajera mai tura ƙwallo rami, da yayyenta na ƙarfe su bakwai waɗanda ba su taɓa ƙaunarta ba, da ƙwallaye tara, da safar hannun hagu. Ta kuma bar ni, da kafaɗa a rataye cikin majanyi, da umarnin likita na mako shida ba wasa, da gargaɗin cewa in na sake taɓa sanda mai nauyi to na yi sallama da fili har abada.

Ina godiya ga waɗanda suka zo ba ni haƙuri. 'Yata Husna ta zo har gida ta durƙusa, ta ce, "Baba, pardon, don Allah kada ka kai surukina wurin mai unguwa, da wane ido zan dubi mijina?" Na yi mata alkawari, ba zan kai shi ko'ina ba. Liman ya ce ba a yi wa sanda salla, na kuma yarda, ba za a yi ba. Ya ƙara da cewa yafiya ta fi, na ce na ji. Amma a rubuta a ajiye: ban yafe ba. Da hassada ce kawai, da na yafe, don na saba da ita a kasuwa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, ta yi masa alheri sau bakwai, shi kuma ya saka mata da guduma don kada a ce ya tsufa.

Ga yadda jana'iza za ta kasance, in Allah ya kai mu. Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe za a taru a ƙofar shagona. Za a naɗe marigayiya a cikin farin yadi, a sa ta a kujerar baya ta taksin Idi, a bi Titin Koudoukou a hankali zuwa Yakité, inda za a binne gangar jikinta a gindin gwandar tsakar gidana. Kanta, wanda Idi ya tsamo daga kwatami, zai zauna a kan kantata yana fuskantar shago na biyar. Rodin da aka zaro daga cikinta za a mayar wa mai shi, tunda kayansa ne kuma ba mu saba riƙe kayan mutane ba.

Bayan an rufe rami, Idi zai tashi ya ba jama'a labarin bishiyar mangwaro, da Hausa, sannan da Sango saboda matasa. Daga nan sai rabon sadaka. Na riga na aika Duwala, motar atamfa tana isowa ranar Alhamis da sanduna biyu, duka masu A, duka giram hamsin. Ɗaya tawa ce. Ɗayar zan miƙa wa Alhaji Abdulmutallib da hannuna mai lafiya, a gaban 'yan layi da surukai da jikoki. Al'adar da ta hana ni hana shi aro, ita ce ta hana shi mayar da kyauta a bainar jama'a, kuma wanda aka ba kyauta a layinmu dole a gan shi yana amfani da ita. Na sa mai fenti ya rubuta a jikinta, da jan fenti, manya-manya yadda na bayan fili zai iya karantawa: Alhaji Abdulmutallib, shekara saba'in da ɗaya.

Zai ɗauke ta duk Lahadi. Ƙwallonsa za ta riƙa wuce mangwaro, kowa kuma zai san dalili. Ba na so ya bar wasan, Allah ya kiyaye, ina so ya daɗe a cikinsa da lafiyar kafaɗa, don in mako shida ya cika in dawo in ci shi da sanda irin tasa, ba shi da sauran abin fakewa.

Ba a karɓar gudummawa. Masu ta'aziyya su zo da kujerunsu, don gidan ba zai wadatar ba. Alhaji Abdulmutallib kada ya wahalar da kansa da ɗauko tasa. An ajiye masa a sahun gaba, mai majingina da matashi, irin wadda ake ba dattawa.