Rasuwar Odile, Bindigar Babanmu

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, yau Alhamis da hantsi, dusar ƙanƙara na sauka a hankali a garinmu na arewacin lardin Saskatchewan, ni Wendell, ɗan marigayi Ovide Desjarlais, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Odile, bindigar farautar gidanmu mai sakata. Ta cika shekaranjiya Talata tana da shekara hamsin da ɗaya, a kan teburin Kawu Arvid mai gyaran bindigogi, aminin babana.

Marigayiya ba mai surutu ba ce. Ka ja sakatarta ta ce ƙaras-ƙas, ka taɓa kunama ta yi magana sau ɗaya, an samu nama. Da naman da ta kawo muka girma, mu biyar. Akwai tabo a ƙotarta inda karenmu ya taɓa tauna, ba ta riƙe shi a zuci ba.

Ba ta taɓa kwana a ɗaki ba. Komai sanyi, a ƙusar baranda Baba ke rataye ta. In na ce a shigo da ita sai ya ce, "Kai yaro, bar ta a waje, ba matarka ba ce." Ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Da ya rasu bara, sai na kasa barin ta a waje. In zauna gaban murhu in hango ta ta taga ita kaɗai. Na shigo da ita, na jingina ta jikin kujerarsa. Da safe mu fita daji cikin sanyi, da yamma mu dawo ɗumi. Ni a ganina gata nake mata.

Ciwon ajalinta ya bayyana ran Asabar. Namijin barewa ya tsaya min a gicciye, taku arba'in. Na ja kunama, ta ce ƙyas. Na ƙirga har talatin, bakinta na kallon gaba, kamar yadda aka koya min, sannan na buɗe. Ɗan ɗigo kawai allurarta mai dukan harsashi ta yi a gindinsa. Na sa wani. Ƙyas. Namijin barewan ya dube ni ya wuce abinsa, ko gudu bai yi ba. A gida na zargi harsasai, na sayo sababbi. Na zargi mai, na goge sakatar tas. A gwaji na uku allurar ta karye.

Kawu Arvid ya warware sakatar, ya daɗe yana kallon tsatsa.

"A ina take kwana?"

"Gaban murhu, Kawu."

Ya cire tabarau. "Ɗana, ƙarfe in ya fito daga sanyi ya shiga ɗumi, gumi yake yi. Shekara guda tana gumi ta ciki. Allura ana sauyawa, amma tsatsa ta ci wurin da sakata ke kullewa. In na tashe ta, ranar da ta fashe fuskarka za ta fara ci."

Ta rasu ta bar mahaifiyarmu Inna Philomene, wadda ke buɗe firiza ta rufe, babu nama a ciki, ga hunturu ko farawa bai yi ba. Ta bar marayun harsasai goma sha ɗaya, da igiyar fatar da Baba ya ɗinka mata, da ni da na kashe ta da tausayi. Allah ya sa Baba ya yafe min.

Jana'iza ran Litinin da yamma, don ran Lahadi ake rufe farautar bana. Za a mayar da ita baranda inda ta saba. Akwai shayi da gurasar Inna. Nama dai ban yi alkawari ba.

Sabuwar ƙusa za a buga mata, don tata akwai baƙuwa a kai. Da safen nan na tarar da bindigar Kawu Arvid rataye a wurin, da harsashi biyar cikin tsohuwar safar hannu. Sawun takalminsa ya zo ya koma, ko ƙofa bai ƙwanƙwasa ba.

Na bar ta a waje.