Rasuwar Gwaggo, Mai Kai Ƙorafi Gaban Suruki

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da miƙa wuya ga abin da Allah Ya ƙaddara, Musbahu Usaini Panshekara, mai kula da shafin intanet na wani kamfanin jimar fata a Challawa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinsa, tare da manhajar da ke cikinta, wadda ake rubuta wa kurakuran shafi a bi su har a gyara. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, kada mu yi mata ƙarya don ta mutu. Iskar majema ta daɗe da cin jikinta. Manhajar tata ta kyauta ce, irin wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya gyara, kuma waɗanda suka ƙirƙire ta sun watsar da ita tuntuni. Amma tana da hali guda da ya rufe duk wani aibu: ba ta faɗin sunan mai kawo ƙorafi.

Wanda bai san ofishin ba zai ce mene ne abin kuka a nan. To, shugaban sashen, Malam Dalhatu, shi ne mahaifin Saudat, matar Musbahu. Mutumin da Musbahu ke durƙusawa ya gaisar, wanda ko sunansa ba ya iya kamawa, don Allah ta ina zai dube shi ya ce kun yi kuskure? Sai ya gaya wa Gwaggo. Ita kuwa ta yi "ƙirrr", ta yi "tit", ta kai saƙo allon Malam. Malam ya gyara zaman gilashinsa, ya ce Gwaggo ta yi magana, ya gyara aikin. Su biyu ne kacal a ofishin, kowa ya san hannun kowa, amma ba a taɓa haɗa ido a kan kuskure ba.

Da ciwo ya tsananta, fankarta ta soma tari, Musbahu ya shiga neman magajiya cikin sababbin manhajojin kyauta. Ta farko kyakkyawa ce, ga sauri, sai dai ba ta sauraronka sai ka ba da suna da hoto. Ta biyu ta fi ta rashin kunya: ta faɗi wanda ya kawo ƙara, ta nuna wanda ya rubuta layin da ya lalace, ta aika wa kowa wasiƙa. Ta uku ce ya sa wa rai, har ya rubuta wa masu ita a ƙasar waje yana roƙon a ɓoye suna. Suka amsa cikin ladabi cewa sanin mai ƙorafi ai shi ne amfanin abin, amma ƙofa a buɗe take, ya shiga ya gyara da kansa. Bawan Allah ya buɗe cikinta, ya tarar da yaren kwamfutar da aka rubuta ta da shi mutum ɗaya ne ya iya shi a duk kamfanin, wato Malam Dalhatu.

Ana cikin haka Gwaggo ta yi wani dogon "tiiit", ta yi shiru. Salisu mai gyara ya zo daga titin Beirut, ya kara kunne, ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri, manhajar ma ba za ta zauna a sabuwar kwamfuta ba.

Ta rasu ta bar allo mai tsaga, da wayoyi a cukurkuɗe, da maraya guda, Musbahu. Ta kuma bar kuskure ɗaya mai rai, wanda Musbahu ya gano ana saura kaɗan ta cika, bai kai ga rubuta mata ba. Masu sayen fata daga waje suna danna oda, shafi ya yi musu godiya, odar kuwa ba ta isa ko'ina. Aikin Malam ne. In manaja ya riga Malam sani, dattijo zai sha kunya a gaban ma'aikata, wataƙila har kujerarsa. Musbahu ya roƙi Saudat ta je gida ta faɗa, ta ce Baba ba yaro ba ne, zai san wanda ya aiko ta. Ya je da kansa, ya durƙusa, ya yi gaisuwar gida da ta aiki da ta gajiya, ya tashi ya fito. Wallahi abin tausayi, ko abinci ba ya iya ci.

Za a ɗauki gawar gobe bayan azahar, a baro, zuwa wajen 'yan gwangwan da ke bakin titin Panshekara. Liman ya ce ba salla. Zaman makoki a inuwar ƙofar kamfani, inda Malam Dalhatu zai karɓi gaisuwa a matsayinsa na babba. Ba a buƙatar goro ko abinci. Abu ɗaya iyalai ke roƙo: duk wanda zai zo ta'aziyya, in dai ba ya auren 'yar Malam, ya dubi girman Allah, bayan ya shafa addu'a ya matsa kusa ya gaya masa oda ba ta shiga.